Kujera ta Uku

A Valdivia ruwan sama ba baƙo ba ne,
shi ne mai gida, mu 'yan haya.
Biyar da rabi na asuba muke sauke jirgi a Calle-Calle,
mu huɗu, filafilai takwas, numfashi ɗaya.
Shekara goma sha ɗaya ina kujera ta uku,
na san ƙeyar Rayén fiye da fuskarta.

Sai wata Talata, dab da gada,
na ja ruwa, wani abu ya ja ni.
Kamar an soka tsinke mai zafi a ƙuguna
ya bi cinyar hagu har tafin ƙafa.
Filafili ya kuɓuce, jirgi ya karkace.
Zakunan teku da ke bakin kasuwar kifi
suka ɗaga kai, suka koma barci.

Kwana tara ina sa safa a kwance.
Atishawa ma sai na nemi bango na dafa.

Ɗakin Eleodoro Antilef yana saman gidan burodi,
matakala goma sha bakwai, na ƙirga su da haƙora.
Bai taɓa ni ba tukuna.
Ya ce, yi tafiya zuwa taga. Dawo.
Tsaya da ƙafa ɗaya.
Na tsaya kamar zalɓen da ya sha giya.
Ya juya takalmina, ya duba inda ya cinye,
ya ɗaga hoton ƙashina ga hasken rana
ya daɗe yana karanta ni.

Ya ce, bayanki ne ke kuka,
amma ba shi kaɗai aka daka ba.
Kwatangwalonki ya daina aiki tun bara,
baya ya ɗauki kayan biyu bai faɗa wa kowa ba.

Na kwanta a gefe, gwiwa a naɗe.
Tafinsa da ɗumi kamar burodin ƙasa.
Ja numfashi. Sake shi. Duka.
Ƙas!
Na yi dariya, ban san daga ina ta fito ba,
na ce, shi ke nan, gobe ina kogi?

Ya girgiza kai yana wanke hannu.
Ƙofa kawai na buɗe miki, Millaray.
Shara da gyaran ɗaki naki ne.

Ya ba ni roba ja mai kama da ta 'yan wasan yara,
da takarda mai zanen mutum-mutumi shida,
kowanne a durƙushe ko a rigingine.
Ni da ke jan kogi da kafaɗa,
ga ni a tabarma ina ɗaga ƙafa taƙi ɗaya,
gumi na ɗiga, kyanwa na kallona da raini.
Sau goma. Huta. Sau goma.

A mako na huɗu na yi masa ƙarya,
na saci jirgi ni kaɗai da magariba.
Washegari yatsansa ya sauka daidai wurin.
Bai yi faɗa ba. Ya ce, wa ya ci tseren?
Muka koma baya da kwana goma.

Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana,
amma ba su faɗi yadda take da ɗaci ba
in kana tsaye a gada da laima
wata na zaune a kujerarka.

Robar ja ta zama kore, kore ta zama baƙa.
Na koyi ɗaukar tukunya da gwiwa,
na koyi jin raɗar jiki kafin ta zama ihu.

Yau Fresia ta riƙe mini jirgi na shiga.
Minti ashirin kawai, haka ya rubuta.
Na nutsa filafili a hankali
kamar mai taɓa goshin jariri.
Ruwa ya amsa. Ƙugu ya yi shiru.
Ga ƙeyar Rayén, ta ƙara furfura biyu.

Da agogo ya cika ashirin
hannuna bai ƙoshi ba,
amma na ce, mu juya.