Bayan Murhu

Tsohon butalin gaz na yanka,
a Bagalam, bayan garejin Tankari.
Ba zuga-zugi, ba gawayin ƙirya,
a murɗa kai, shuɗin harshe ya hau gurnani.

Ran farko, kafin ƙarfe ya nuna
bayanta ya riga shi.
Fenti ya kumbura kamar fatar gasasshen kifi.
Nomau ya dafa, ya bar mata zanen tafinsa.
Uwarsa ta yi kasuwa biyu ba ta gaishe ni ba.

Na gangara gulbi da amalanke,
na kwaɓa yumɓu da toka da ƙaiƙayin gero,
kaurin yatsa uku, kwana tara a inuwa.
Ya tsage. Na sake.
Na ɗora ta kan bulo, iska ta ratsa ƙasa,
na janye tiyo daga bakinta.

Yanzu ruwa nake ɗiga mata.
In ya ce cas, a kashe, a sha shayi.
In ya kwanta, a kawo hauya.

Jiya baba ya taɓa ta da bayan hannu,
ya daɗe bai ce komi ba.
Sannan: miƙo awartaki.