Ƙudan Zuma a Hulata

Sanda ta san ƙasa, ba ta san sama ba.
Tambayi goshina:
tabon hagu rumfar mai shayi ce a Ƙofar Marusa,
na dama kuwa rodi ne
da ya leƙo daga bayan a-kori-kura
bai yi sallama ba.

Sai Sada, ɗan ƙanena, ya zo hutu
da wasu abubuwa biyu kamar ƙwallon dabino,
ya farke bakin hulata, ya ɗinke su ciki.
Ya ce, Baffa, jemage ne ya koya mana:
abin yana jefa sautin da kunne ba ya ji,
in ya daki wani abu ya dawo, sai ya motsa ka.
Na ce, yaro, shekara sittin ina ƙyamar jemage,
yau kuma shi ne ɗan jagora?

Na dai fita.
Zuu a hagu, kamar ƙudan zuma, na kauce dama.
Zuu a dama, na dakata, mai kura ya wuce.
Daga Rafin Daɗi har 'Yar Kutungu
ba wanda ya ce mini hattara.
Na sayo wa Kulu daddawa da kaina,
har na taya, har aka yi mini gyara.

Uwani, jikata, da kafaɗarta ta saba da tafina,
yanzu tana aji huɗu.
Da safe ina jin takalminta yana gudun makara.
Na yi murna. Hannuna ne bai ji labari ba,
har yau yakan miƙe, ya kamo iska.

Ran da aka kwana uku ba wuta
abin ya yi gum a tsakiyar titi
kamar wanda ake bi bashi.
Na koma ga sanda, ta karɓe ni ba gori.
Dama kwata da rami aikinta ne.

Jiya a ƙofar masallaci ya yi ta kuka,
na tsaya, na ɗauka bango ne.
Sai bangon ya fashe da dariya.
Ashe Barau ne, abokina tun muna tuƙin Jibiya,
ya tare ni shiru don ya gwada.
Na ce, ƙudan nan ya ce akwai abu,
bai ce akwai mutum ba.

Ya kama hannuna muka shiga.
Hular tana ta zuu, na ƙyale ta.