Shokozoba

Kiret goma sha ɗaya na ƙwai
suka fashe mini tsakanin Mangu da Maraban Jama'a,
ran Talata, ana yayyafi.
Gwaiduwa na ɗiga daga bayan a-kori-kurata,
ƙudaje suka raka ni har Bukuru.

Hajiya Kande mai gonar kajin ba ta yi faɗa ba.
Littafi ta buɗe, ta rubuta sunana, ta ja layi.
Da ma faɗan ta yi.

Sai na kai motar wurin Dalyop, bayan Dilimi,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta launinta.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya dafa bayanta da hannu biyu, ya danna, ya saki.
Ta yi ƙasa, ta yi sama, ta yi ƙasa, ta yi sama,
tana ta rusunawa kamar mai neman rance.
Ya ce, "Lafiyayya sau ɗaya take gaisuwa.
Taka ta gaida unguwa duka."

Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi.
Daga can muryarsa ta fito:
"Wannan tun na mahaifinka ne?"
Na ce tun nasa ne.

Noti ya ƙi.
Shekara goma sha tara yana riƙe da wuri guda,
wa zai ce masa tashi ya tashi?
Aka ba shi kananzir ya sha, aka jira,
aka zura wa sufana bututu,
yaron shago, Nanpon, ya hau da ƙafa biyu,
sannan ya yi ƙara, ya saki.

Ga shi a hannuna, jiƙe da mai, ya rame.
Na danna shi da tafi ɗaya, ya shige, bai dawo ba.
Shi ya shanye ramukan Heipang,
shi ya shanye gargadar Panyam
da buhunan dankalin Bokkos da muke ɗora wa fiye da ƙima.
Ran da muka kai Baba makwancinsa ma
shi ya ɗauka, a hankali.
Ni kuwa madubi nake gogewa kullum,
ban taɓa durƙusawa na duba shi ba.

A shagon Ozoemena iri uku aka jera mini:
na gwanjo, na mai-ƙaramin-ƙarfi,
da wani rawaya, kakkaura, mai gas,
wanda sai mutum biyu ke iya lanƙwasa girman kansa.
Na taɓa aljihu. Na tuna layin Hajiya Kande.
Na ce a ba ni rawayan, guda biyu.
Kuɗin takin bana ne.
Asabe ba ta sani ba tukuna.

Sabon bushin, giris a zare,
noti na sama, noti na ƙasa.
Dalyop bai ɗaure su tamau ba sai da aka sauke jak.
"Bari ta tsaya da ƙafafunta," in ji shi,
"ba a auna mutum yana rataye."
Ya sake dannawa.
Gaisuwa ɗaya. Ta miƙe. Ta yi shiru.

Washegari, da sanyin asuba, kiret tamanin a baya,
na hango ramin nan na kusa da gada.
Na cije haƙora, na ɗage ƙugu kamar kullum,
jikina ya shirya wa duka.
Dukan bai zo ba.
Na wuce ina riƙe da numfashi a banza,
kamar wanda ya ɗaga ƙafa don matakalar da babu.

A Farin Gada muka ƙirga.
Ɗaya ne ya tsage, shi ma ina zargin kazar.
Na kai wa mai shayi ya soya,
na ci a tsaye.

Tsofaffin biyun, Nanpon ya roƙa zai kai wa 'yan gwangwan.
Na ba shi ɗaya.
Ɗayan na bayan kujerata, nannaɗe a buhu,
in na taka birki nakan ji ya motsa.