Maigadin Hasumiya

Shekara sha ɗaya ina kwana
a gindin hasumiyar waya, bayan tashar Jega.

Bana mura ta share wata uku a ƙirjina,
ƙurjin ƙafa ya ƙi kamewa.
Tumba ta ce ƙarfen nan ke tsotse ni a ɓoye.
Likita ya juya takarda, ya ce garkuwar jiki ta yi sanyi,
amma shi hayaƙin janareto da rashin barci yake zargi.

To, wa zan kai ƙara?
Ba wari, ba sawu.

Tsakar dare jar fitilar can sama tana ƙyafta mini ido.
Muryoyin gari suna ratsa haƙarƙarina,
ana ta "kun kwana lafiya?"
Ni kuwa tari nake.