Ƙuri'a ta Arba'in da Ɗaya

A bangon asibitin garinmu akwai hotonsa,
hoto bisa hoto, kamar ɓawon albasa.
Na taɓa sa farce na ɓare:
na can ƙasa ya girme ni da damina uku,
amma murmushin bai tsufa ba,
hular ma ita ce, kari kawai aka sake mata.

Mu kuwa mun tsufa a layin tuƙa-tuƙa.
Sau biyu ambaliya na cinye shinkafar fadama,
ya aiko da buhu goma da mai ɗaukar hoto.
Baba ya ce, “Yaro, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.
Mai ba ka taki shi ke da damina.”
Na ce damina ta Allah ce.
Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Mu arba'in muka haɗu a shagon cajin Tanimu
bayan isha'i, janareta na tari.
Ladidi, malamar 'yan aji uku, ta jera sunayenmu
a bayan takardar jarrabawa.
Ba mota, ba atamfar rabo,
sai keken Barau da lasifikar aro
mai shaƙewa duk sa'ad da aka ambaci haƙƙi.

Ran kasuwar Jahun aka kama Barau,
wai yana tayar da hankalin jama'a.
Kwana tara.
Ya dawo yana ɗingishi, bai ce mana komai ba
sai, “Keken fa, kun sa masa iska?”

Ran zaɓe na tsaya wakili a firamare,
ajin da guguwa ta yaye wa kwano tun ina ɗalibi.
Da fitilar waya aka ƙirga.
Nasa ɗari uku da shida;
yaransa suka cika fili da hayaƙin babura.
Namu, malamin zaɓe ya lashi yatsa:
talatin da tara, arba'in,
ya ɗaga wata, ya duba gaba da baya,
arba'in da ɗaya.

Mun sha ƙasa, har awaki sun sani.
Amma duk hanyar gida lissafi nake yi.
Mu arba'in ne. Na san kowa har kakarsa.

Na tarar da Baba a zaure yana gyaran fartanya,
babban yatsansa da tawada kamar na kowa.
Bai ɗago ba. “Nawa kuka samu?”
Na faɗa masa.
Ya daɗe yana buga ƙota da ƙasa.
“Da ɗaya,” ya ce. “To.”
Ya turo mini kwanon tuwo da ƙafarsa ta hagu.

Ban tambaye shi ba, ba kuma zan tambaya ba.
Gobe za su liƙa sabon hoto bisa tsoho.
Takardar Ladidi na nan cikin jakarta,
kuma ƙasan sunayen
akwai sauran fili.