Tela Sai-Gobe

Haladu aka raɗa masa,
amma shekara talatin Kaduna ba ta kira shi da shi ba.
Daga Kawo har Kakuri, Sai-Gobe ne,
telan daren Talata,
mai tef a wuya da almakashin da ba ya ci,
wanda ya karɓi yadin ango tun kafin baiko
ya miƙa masa riga ranar sunan ɗansa na biyu.

Mu a gida sau biyu muke ganinsa:
ga shi a akwati, baƙi da fari, yana rantsuwa da allura,
ga shi a tabarma yana kurɓar koko,
ko murmushi ba ya yi.
In an ɗauke wuta ana tsakiyar shiri
yaran layinmu na Tudun Wada su cika ƙofa,
ya fito da fitilar ƙwai
ya ƙarasa musu da baki.

Telolin Kasuwar Barci sun taɓa turo wakilai,
wai ya zubar musu da mutunci.
Ya saurare su tsaf, ya ce zai gyara.
Suka ce yaushe?
Ya dube su kawai.
Da bakinsu suka ba kansu amsa,
har babbansu ya ƙware da goro.
Alhali ko maɓalli bai iya dasawa ba,
Inna ke ɗinke masa aljihu.

Sai wata asubar Asabar
rabin fuskarsa ya ƙi tashi tare da shi.
Girar nan mai hawa kafin ƙarya ta fito
ta kwanta, ba ta sake motsi ba.
Kyamara ba ta da kara.
Mutanen tashar suka zo dubiya da lemo a leda,
ya tambayi zancen komawa aiki,
suka ce masa, ba da wasa ba,
sai gobe.

Muryar ce ta ƙi tafiya.

Yanzu ni ke raka shi wani ɗaki a Unguwar Sarki
da aka manne bangonsa da kwalin ƙwai.
Ya ɗora abin ji a kunne, ya lumshe ido,
sai ga kunkuru mai cin bashi a zanen yara,
ga sauron da ke kuka a tallar magani,
ga mugun attajirin fim ɗin Indiya
da tsohuwar da ke tsine masa,
duk daga maƙogwaro ɗaya, kafin la'asar.
Kuɗin na shigowa ta waya, ba ya kai na asibiti.
Sunansa na wucewa a ƙarshe,
ƙanƙane, a guje,
lokacin da kowa ya tashi wanke hannu.

Jiya a cunkoson gadar Kawo
Baba ya ce da mai keke, rage mana, ɗana.
Yaron ya taka birki ya waiwayo,
bai fi shekara sha tara ba,
bai taɓa jin labarin wani tela ba.
Ya ce, Kunkuru!
Wallahi ba zan karɓi kuɗinka ba,
amma faɗa mini tsakani da Allah,
yaushe za ka biya Zomo bashinsa?

Rabin bakin Baba ya ɗaga,
ɗaya rabin ya tsaya yana jira.
Motoci na ta ham a bayanmu.
Ya gyara murya,
ni kuwa na riga na san amsar.