Kwalbar Don Evelio

Shagona yana Barrio Obrero, a birnin Kali:
ƙofa ɗaya, fanka ɗaya, warin dalma da tsohuwar ƙura.
Nan masu kiɗan jitar bes ke yada zango
ran Litinin, in gajiyar ƙarshen mako ta sake su.

Don Evelio Mosquera ke fara isowa,
da ɗingishinsa, da amfilifayarsa a bayan tasi,
mai nauyin ɗan maraƙi.
Shekara talatin yana hawa bene da ita,
ta cinye masa ƙugu, bai taɓa zaginta ba.
Ya ce: "Sautin da bai bi ta kwalba ba ɗanye ne.
Kwalba ke dafa shi.
Taransisto kuwa ruwan firji ne,
ya kashe ƙishi, ya bar haƙora na zogi."

Yurani Angulo ta yi dariya, ta zuge jaka,
ta fito da akwatinta, bai fi sabulun wanki ba.
"Ga nawa. Waya ta shiga, waya ta fita,
kai tsaye sai mikisa.
Abin da yatsana ya faɗa, shi jama'a ke ji.
In na yi kuskure, nawa ne.
Ba na son injin da zai shafa mini hoda."

"'Yar nan, maƙaryaci kike ce mini?"
"A'a, Don Evelio. Mai kwalliya."

Arbey mai dogon wuya,
wanda ke kiɗa a kulob ran Asabar, a coci ran Lahadi,
ya ce shi duk kanwar ja ce,
muddin ƙugin lantarki bai biyo waya ba.
Akwai wani ɗan maɓalli a gefen akwatin,
ka danna, gurnani ya mutu.
"Maɓallin nan ya fi mini duk surutunku."
Ba wanda ya tanka.
Mai raba gardama ba ya da daɗin zama.

Ni dai kaina a sunkuye,
ƙarfen dalma na hayaƙi a hannuna.
Akwai maganar da na haɗiye, ta ƙi wucewa.

Wata Juma'a ce a Disamba, gari na tsakiyar biki,
ya kawo mini ita a mace, idonsa jawur.
Wasa ƙarfe tara, ga bakwai ta gota.
Kwalbar gaba ta daina magana, haske kawai take yi,
kuma babu irinta ko a Bogota.
Na ce ya je ya sha kofi.
Na dasa taransisto uku a ƙarƙashin allo,
na kewaye kwalbar da jar waya,
na bar mata 'yar wutar da za ta riƙa ci
kamar garwashin da aka manta a murhu.

Ya dawo, ya ja tsirkiya ɗaya.
Gilashin taga ya kaɗa.
Ya lumshe ido: "Ka ji? Ka ji ɗumi?"
Na ce na ji.
Na so in gaya masa washegari.
Washegarin nan yau shekararta shida.

Jiya Yurani ta leƙa bayan amfilifayar
tana neman inda za ta soka wayarta.
Ta daɗe.
Ta bi jar wayar da ido
har inda ta tsallake kwalbar.
Ta ɗago ta dube ni.
Na dubi fanka.

Shi kuwa yana ta kiɗa,
yatsa biyu a kan tsirkiya mafi kauri,
wani tsohon taken salsa mai tafiyar ƙasaita,
har mai sayar da ɗanyen mangwaro a waje
ta ajiye wuƙa tana kaɗa kafaɗa.

Ya tsaya. "To, 'yar akwati, me kika ce?"
Ta ce: "Akwai ɗumi."
Ta mayar da sabulunta jaka.

Mu uku muka ciccibi maraƙin zuwa tasi.
Da motar ta sha kwana
sai ta matso, ta yi ƙasa da murya:
"Nawa za ka haɗa mini irin tasa?"
Na faɗi kuɗi.
Ta taya, muka daidaita.
Ta yi taku biyu, ta waiwayo:
"Har da 'yar fitilar."